Sha'irin malt ko na shanu: lissafin manomin Kanada kafin ya buɗe rumbu

A yammacin Kanada, a lardunan Alberta da Saskatchewan inda ake noma mafi yawan sha'irin ƙasar, hatsi ɗaya daga gona ɗaya yana da farashi biyu. In kamfanin malt ya karɓa, a biya manomi kuɗi mai tsoka. In ya ƙi, hatsin ya tafi bakin shanu a kuɗin da bai kai wancan ba. Tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu ce ke juya kusan duk shawarar da manomi zai yanke, tun daga irin da zai saya a watan Janairu har ranar da zai loda mota ta ƙarshe. Inda mutane suka fi tafka asara kuwa shi ne su ƙura wa farashin malt ido shi kaɗai, kamar an riga an ƙirga musu kuɗin.

Malt dai tsiro ne. A jiƙa hatsi kamar kwana biyu, a bar shi ya tsira kwana huɗu zuwa biyar, sannan a busar da shi da iska mai zafi. Mafi yawansa masana'antun giya ke kwashewa, saura ya shiga lemon malt da kayan shayi da burodi. Tunda kuwa sai hatsi ya tsira aikin zai yiwu, abin da mai malt ke biyan kuɗi a kai shi ne ƙwaya mai rai, kuma dukkan ƙwayoyin su tsira lokaci guda. Daga nan sharuɗɗansa suka taso.

Na farko, a cikin ƙwaya 100 aƙalla 95 su tsira. Danshi kada ya wuce kashi 13.5 cikin ɗari. Furotin ya tsaya tsakanin 11 da 12.5: in ya haura, sitacin ƙwayar ya ragu, abin da za a tatsa daga kowane tan ya ragu, ruwan kuma ya yi hazo, in ya yi ƙasa da yawa, malt ɗin ba shi da ƙarfin narkar da sitaci. Ko a nan ma masu saye sun bambanta, domin manyan kamfanonin da ke haɗa malt da shinkafa ko masara sun fi son furotin ya ɗan ɗaga, ƙananan da ke aiki da malt zalla sun fi son ya sauka. Sai ƙoshin ƙwaya: ana zuba samfur a rariya mai ramuka 6/64 na inci, ana son aƙalla kashi 80 su tsaya a sama. Ƙwayar da ta saluɓe ko ta fashe kada ta kai kashi 5, saboda ɓawon ne ke kare tsiron, kuma saluɓaɓɓiyar ƙwaya tana shan ruwa da sauri ta riga sauran. Sai gubar DON da fumfunar fusariyum ke bari a zangarniya, wadda ko kaso ɗaya cikin miliyan masu malt ba sa so. Fumfunar ce ke sa kumfa ta yi tsartuwa daga kwalba da zarar an buɗe. Sai tsabtar iri: ba a haɗa CDC Copeland da AAC Synergy a rumbu ɗaya, ko da dukkansu irin malt ne, domin kowanne da yadda yake shan ruwa. Kuma gonar da aka fesa wa maganin kashe ciyawa na gilaifoset dab da girbi don ta bushe da wuri, babu mai malt da zai taɓa hatsinta.

Ɗaya kacal daga cikin waɗannan ya kuskure, lodi na iya zama abincin dabbobi. Shi ya sa a shekaru da yawa mafi yawan sha'irin da aka shuka da irin malt a Kanada ba ya ganin ƙofar masana'antar malt.

Mai kiwon turka ba ruwansa da ko ƙwaya za ta tsira. Nauyi yake dubawa, fam 48, wato kusan kilo 22, a kowane bushel (ma'aunin hatsi na can), da danshin da bai kai kashi 15 ba. Furotin mai yawa ma riba ce a wurinsa. Gubar DON ma shanun turka suna jure wa har kaso 5 cikin miliyan bisa ƙa'idar Kanada, alhali aladu da shanun madara an tsayar musu a 1. Yana ɗauka da wuri, yana biya da wuri. Wannan kasuwa ita ce tudun dafawar kowane manomin sha'ir, kuma farashinta a Lethbridge ake karanta shi, a kudancin Alberta inda garakan turka suka fi cunkushewa a faɗin ƙasar. Manomin da ke nesa yana samun farashin Lethbridge ne bayan an cire kuɗin mota. Don haka tazara ɗaya ba ta yi wa kowa daidai: mutumin da gonarsa ke kusa da garakan, ƙarin da malt zai ba shi kaɗan ne, kuma sau da yawa bai kai wahalarsa ba, wanda yake can tsakiyar Saskatchewan kusa da masana'antar malt ta Biggar, farashin dabbobi a ƙofar gidansa ya riga ya sha kashi a hannun kuɗin mota, malt ya fi yi masa kyau. Haka na kusa da masana'antun malt na Alix ko Calgary a Alberta yake auna nisan tafiyarsa ta kowane ɓangare.

Farashin na dabbobi kuma yana da rufi a samansa, wato masarar Amurka. Da zarar sha'ir ya yi tsadar da masarar da aka ɗauko a jirgin ƙasa ta fi shi sauƙi a Lethbridge, masu turka sai su juya. Ba juyawar kwana biyu ba ce. Sun sayi jirage na watanni, sun gyara injin niƙa, sun saba wa shanu da sabon haɗi, ba za su dawo ba sai masarar ta ƙare. Manomin da ya riƙe sha'irinsa yana jiran farashi ya ƙara hawa, ya wayi gari mai saye ya tafi.

To ga lissafin da ya kamata a yi tun kafin a sayi iri. Alƙaluman nan na misali ne, kowa ya sa nasa. A ɗauka irin dabbobi kamar CDC Austenson zai ba ka tan 4.4 a hekta, ana sayen tan dala 250: dala 1,100 ke nan. Irin malt ya ba ka tan 4, ana sayen tan dala 300: dala 1,200 in an karɓa, dala 1,000 in an ƙi ka sayar wa masu shanu. Sai ka ɗora ƙarin kashe-kashen da malt ke jawowa, irin da aka tantance, feshin maganin fumfuna lokacin fitar zangarniya, busarwa da ajiya, a ce dala 40 a hekta. Kafin malt ya yi kunnen doki da na dabbobi sai ya kawo 1,140 a matsakaici, wato sai an karɓi hatsinka shekara 7 cikin 10. In tazarar ta faɗo zuwa dala 25 a tan, ko kowace shekara aka karɓa 1,100 za ka samu, ka yi asarar dala 40 ɗin nan. In ta buɗe zuwa dala 100, karɓa 4 cikin 10 ma ta fitar da kai. Lamba mafi nauyi a lissafin nan ita ce sau nawa ake karɓar hatsin gonarka, kuma babu jaridar kasuwa da za ta faɗa maka ita. Tana cikin takardun gwajin shekarunka na baya. A ganina manomin da ba ya ajiye waɗannan takardu caca yake yi, ko da kuwa ya ci.

Abu ɗaya ya sauya wannan lissafi a 'yan shekarun nan: sababbin irin malt kamar AAC Synergy sun matso kusa da irin dabbobi wajen yabanya, ba kamar tsohon AC Metcalfe ba. In giɓin yabanya ya rufe, shuka irin malt ya zama kamar sayen dama ce a araha, ka sayar ta ko'ina. Sai dai akwai giɓin da ba a gani a takardar iri, wato na taki. Mai noman na dabbobi yana zuba yuriya son ransa don ya cika rumbu. Mai neman malt dole ya riƙe hannu, domin naitirojin mai yawa na ɗaga furotin ya kwantar da kara, musamman in ruwa ya ɗauke lokacin cikar ƙwaya. Shuka da wuri, ƙwaya kamar 300 a kowace murabba'in mita, a gonar da aka cire kanola (shukar da ake tatsar mai daga 'ya'yanta) ko wake ba sha'ir ko masara ba, duk suna taimakawa hatsin ya cika sharuɗɗan malt. Amma wanda ya rage taki saboda malt sannan aka ƙi hatsin, ya sha duka biyu: ba ƙarin kuɗi, ba yawan tan.

Kafin watan Agusta na 2012 ma ba a hannun manomi cinikin yake ba. Hukumar alkama ta Kanada ce kaɗai ke da ikon sayar da sha'irin malt, ta ba ka kafin alƙalami, ragowar sai bayan an rufe lissafin shekara. Na dabbobi a cikin gida kuwa kuɗi hannu ne. Shi ya sa a lokacin in farashin dabbobi ya ɗan motsa, sai ka ga lafiyayyen sha'irin malt ya bi motar masu turka. Yanzu kamfanoni na ƙulla yarjejeniya kai tsaye da manomi, kuma tunda sha'ir ba shi da kasuwar cinikin gaba mai rai irin ta masara a Chicago, inda ake yanke farashi tun yau a kan kayan da za a kai nan gaba, takardar yarjejeniyar ce kaɗai garkuwar manomi. Karanta ta kalma-kalma ya fi sauraron hasashen farashi amfani.

Ana sa hannu a kan ta malt tun cikin hunturu, kafin shuka. Yawanci ana yanke farashi a kan wani kaso na abin da ake sa ran girbewa a kowace eka, ragowar kamfani ne ke da haƙƙin fara tayawa. Abin dubawa na farko shi ne ko akwai sharaɗin ƙaddara, wanda ke sauke wa manomi nauyi in fari ko ƙanƙara ko ruwan kaka suka hana shi cika alkawari. Na biyu, wa ke yanke ranar kai kaya? In aka rubuta cewa sai kamfani ya kira, hatsin Satumba na iya zama a rumbunka har Yuni, kuma ya kamata a rubuta ko za a biya ka kuɗin ajiya. Na uku, in furotin ya ɗan haura ko danshi ya ɗan wuce, ragi za a yi maka bisa jadawali ko kora ce kai tsaye? Na huɗu, wanda ya fi cizo: in mota ta isa ƙofar masana'anta aka sake gwaji aka ƙi, wa zai biya kuɗin juyawa, kuma a wane farashi za a karɓa a matsayin na dabbobi in za a karɓa? Direba na tsaye, kai kana gida, ba lokacin ciniki ba ne.

Yarjejeniyar sayar da na dabbobi tun kafin girbi galibi ba ta da sharaɗin ƙaddara, kuma shekarar 2021 ta koya wa mutane ma'anar hakan. Fari ya gasa yankin, sha'irin Kanada ya faɗo daga tan miliyan 10.7 a 2020 zuwa kusan miliyan 7, farashi a Lethbridge ya haura dala 400 ta Kanada a tan. A ɗauki manomin da ya sayar da tan 500 a dala 230 tun hunturu, ya girbe 300 kawai. Tan 200 da ya rage sai ya biya bambanci, dala 170 sau 200, dala 34,000 daga aljihunsa a shekarar da gonarsa ta ƙone. Darasin da akasari suka ɗauka shi ne kada abin da aka sayar kafin girbi ba tare da sharaɗin ƙaddara ba ya wuce abin da gona ke bayarwa a mummunar shekara.

Ita wannan shekara ta nuna wani abu kuma game da tazarar. A shekarar fari komai ya yi ƙaranci, farashin dabbobi ne ke tashi ya tura na malt daga ƙasa, masu malt su sassauta sharuɗɗa su karɓi furotin da a da ko kallonsa ba sa yi. A shekarar da ruwa ya sauka a kan hatsin da ya nuna, kamar yadda ya faru a Idaho da Montana a Agustan 2014 ko a yammacin Kanada a kakar 2019, labarin ya sha bamban. Ƙwaya ta fara tsira tun tana zangarniya, hatsin da aka ƙi ya cika kasuwar dabbobi ya danne farashinta, na malt mai kyau ya yi wuya, tazara ta buɗe baki. Wato lokacin da ƙarin kuɗin malt ya fi girma shi ne daidai lokacin da ya fi wuyar samu. A shekarar albarka kuma kowa hatsinsa ya yi kyau, kamfanoni su cika buƙatarsu tun Oktoba ko Nuwamba, su tsaurara gwaji, wanda ba shi da yarjejeniya ya rasa mai kallon samfurinsa.

Siyasa ma na shigowa. A watan Mayu na 2020 ƙasar Sin ta ɗora wa sha'irin Ostireliya harajin kashi 80.5 cikin ɗari, bai tashi ba sai Agustan 2023. Manoman Ostireliya suka rasa babban mai sayensu dare ɗaya, hatsi mai yawa ya koma Saudiyya a matsayin abincin dabbobi, wasu jirage na malt suka nufi Meziko. Kanada da Faransa da Ajantina suka cike gurbin a Sin, har farashin fitarwa ya riƙa ja-in-ja da na masu turka a Alberta. Da aka ɗage harajin, Ostireliya ta dawo kasuwarta.

Bayan girbi aikin ya koma na rumbu. In hadari na tafe gara a yanke da ɗan danshi, kashi 16 zuwa 18, a busar, da a bar shi ruwa ya taɓa. Amma busarwar a hankali, zafi kada ya wuce digiri 43 zuwa 45, in ba haka ba an kashe ƙwayar kuma ba za a gane ba sai ranar gwaji. A injin girbi a rage gudun gangar sussuka a buɗe tsakaninta da faranti, a riƙa dubawa da rana tsaka lokacin da hatsi ya fi bushewa, domin a lokacin ne ɓawo ke saluɓewa. Na'urar murɗa hatsi zuwa rumbu ma a riƙa tafiyar da ita cike kuma a hankali. Daga kowace mota a ɗebi tafi guda a zuba a bokiti, a gauraya, a fitar da samfurin kilo ɗaya zuwa biyu na kowane rumbu, a aika wa masu saye fiye da ɗaya a makon farko. Samfurin da aka tsinto daga saman rumbu ko daga ɓangaren gona mafi kyau yaudarar kai ce, tunda za a sake gwaji kafin a kira kaya, a sake a ƙofa.

Sannan a kunna fanka a sanyaya hatsin zuwa ƙasa da digiri 10, a riƙa duba zafinsa. Ƙwayar da ta soma tsira a gona, ko da ido bai gani ba, tana iya ba da 96 cikin 100 a gwajin tsira a Satumba ta faɗo 85 a Fabrairu. Akwai gwajin da masu malt ke yi don gano wannan tun farko, kuma in ya nuna alama, shawara ɗaya ce: a nemi a kai shi da wuri, in ba za su ɗauka da wuri ba a sayar wa masu shanu. Gwajin tsira kuwa manomi na iya yi a gida duk wata: ƙwaya 100 a kan takardar tata biyu a faranti mai murfi, ruwa mililita 4, a ajiye a ɗaki mai ɗumi kamar digiri 20, a ƙirga bayan awa 72.

Jira ma da kuɗinsa. Hatsin dala 300 a tan, in bashin banki na cin kashi 7 a shekara, kowane wata yana lashe dala 1.75, wata shida dala 10.50, ban da wutar fanka. In tazarar dala 25 ce, kusan rabi ta tafi tun kafin a yi maganar ko zai ci gwajin ƙarshe. Ga kuma abin da masu jira kan manta: sau da yawa farashin dabbobi kan motsa a ƙarshen hunturu, lokacin da ƙanƙara ta narke aka taƙaita nauyin motoci a hanyoyin karkara, manoma suka shagala da shuka, kaya suka yi ƙaranci a garaka. Wanda aka ƙi hatsinsa a Yuni ya rasa wannan dama, ga sabon girbi na tafe. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, sai dai in tazarar ta kai girman da za ta biya jiran da haɗarinsa. Raba kaya shi ya fi: rumbun da gwajinsa ya fi ƙarfi a riƙe wa malt, wanda yake bakin iyaka a sake shi tun farashin dabbobi na da kyau.

Mu a nan sha'ir ba abin nomanmu ba ne sosai, amma cinikin malt ya shigo gonakinmu ta ƙofar dawa. Lokacin da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da malt ɗin sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma kan dawa, nau'o'i irin su SK5912 na Samaru da daga baya CSR-01 da CSR-02, kuma akwai masana'antun malt a Aba da Kudenda ta Kaduna. Bambancinmu da Kanada shi ne tudun dafawar mai dawa tukunyar tuwo ce, ba bakin shanu ba, saboda haka dawar da kamfani ya ƙi ba ta faɗuwa warwas a Dawanau, kuma ƙarin da kamfani ke bayarwa dole ya yi takara da farashin bazara. Sharuɗɗan kuwa kusan ɗaya ne. Buhun da aka gauraya kaura da farafara, ko wanda ƙwari suka cinye idon ƙwayarsa a ajiya, ko wanda aka ɗinke bakinsa da sauran danshi har ya yi fumfuna, zai wuce a wurin mai awo amma ba zai ci gwajin tsira ba, kuma wanda ya tara wa kamfani shi ne zai biya kuɗin motar dawowa.